Rabin Jirgin Yaya

A ƙarshen shekarun 1980 aka tura ni Riruwai koyarwa a firamare, aka ba ni ɗaki a tsofaffin gidajen da kamfanin haƙar kuza ya tafi ya bari. Ɗakin ya fi ƙarfin kayana, don duk abin da na mallaka bai wuce katifa da risho da akwatin ƙarfe ba. Ban san kowa a garin ba. Mutanen ba su da laifi, ana gaisawa, amma gari ne da kuza ta tara daga ko'ina, kowa da yarensa da majalisarsa, ni kuma Allah bai yi ni mai kutsa kai cikin hirar mutane ba. In an tashi daga makaranta na yi Azahar, sai yini ya miƙe ƙafa a gabana har Magariba, in rasa abin da zan yi da shi.

Hoto ɗaya ne a bangon ɗakin. Na wani jirgin ruwan yaƙi ne yana zaune a kan teku, sojoji sun jeru a samansa cikin fararen kaya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. A saman kan ɗaya daga cikinsu an ɗiga alama da biro. Wannan shi ne Yayana. Sojan ruwa ne a Ikko, ya aiko mana da hoton gida Yako tun ina ɗan firamare. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma da mahaifinmu ya rasu shi ya zama uba, duk da dai uba ne da ake gani sau ɗaya a shekara in an yi sa'a. Amma in ya zo, ya zo ke nan. Yakan saɓa ni a kafaɗa mu zaga kasuwa, bakinsa ba ya rufuwa, har Inna ta ce ya bar wa tsuntsaye nasu rabon.

Shekara guda kafin a tura ni Riruwai ya bar aiki ya dawo gida da kunnuwa a mace. Na hagun ne kawai ke ɗan ji, shi ma sai an kwatsa masa murya. Da fari zaurenmu cika yake yi, kowa na son labarin teku. Gaskiya ne ba a hango ƙarshenta? Igwar jirgi in ta tashi ƙarar tana kai ina? Ya taɓa ganin kifin da ya fi raƙumi? Yaya yakan ce "E, haka ne," ko "Allah ne masani." Mutane suka gaji da ihu a kan amsar da ba ta taka kara ta karya ba, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya koma gindin ɗorawar bayan gida yana tufkar igiya daga safe har yamma.

Ni ma ban fi su samu ba. In na zo hutu, "Ka zo lafiya?" In zan tafi, "Sauka lafiya." Tsakanin nan ba komai. Inna ta riga ta rasu, mu biyu muka rage, ga shi ɗayan ya rufe ƙofa. Abin ya ci ni ƙwarai. Duk duniya ba abin da nake so a lokacin kamar Yaya ya zauna ya yi hira da ni irin ta da.

Harkar jirage kuwa da wasa ta fara. Wata ranar Asabar bayan girbi na zauna a bakin ƙofa ina kallon yaran maƙwabta suna ƙera motar kara, suna fere ɓawon suna soka shi a totuwa. Hannuna ya tuna abin da ya iya tun yana ƙarami. Da suka watse na kwashi ragowar karan na shiga ɗaki, na dubi hoton bango, na ce bari in gwada. Abin da ya fito ya fi kama da kwamin shayar da awaki. Amma da na ɗaga kai sai na ji ana kiran Magariba, ban san yadda yinin ya wuce ba. A halin da nake ciki, wannan kaɗai ya isa dalili.

Daga kara na koma katakon akwatin shayi da gwangwanin madara. Wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa ya koya mini liƙi da dalma, bai tambaye ni me zan yi da shi ba, shi ya sa na riƙe shi da daraja har yau. Bututun biro ya zama bakin igwa. Wayar ƙafar keke ta zama dogon ƙarfen da ke tsaye a tsakiyar jirgi, yankin tsohuwar rariya ya zama faifan da ke juyawa a samansa. Shingen gefen jirgi, wanda ke hana mutum faɗawa ruwa, da allurai na kafa shi, na ja zaren buhun taki da na tsoma a gam. Tagogi da ƙusa nake huda su ɗaya-ɗaya, in layin ya karkace in yar da gwangwanin in sake wani. Fenti kuwa baƙi da fari nake haɗawa a murfin kwalba har sai ya yi ruwan toka irin na hoton.

Ina da taurin kai a kan awo, wannan ko ɗalibaina sun shaida. Ba na yarda ƙofa ta yi wa mai shigarta kaɗan, ko igwa ta fi ɗakin da take kai. To amma da me zan auna jirgin da ban taɓa gani ba? Sai na tuna na san tsawon Yaya, don sai ya sunkuya kaɗan yake shiga zaurenmu. Na ɗora rula a kan ɗan farin mutumin da ke hoton, na mai da shi ma'auni. Tsawon ƙofa Yaya ɗaya da 'yan kai, bakin igwa Yaya uku, bututun hayaƙi Yaya huɗu. Haka na yi ta lissafi da shi ni kaɗai a ɗaki, mutumin da ko jimla biyu ba ya haɗa mini.

Ba a daɗe ba gari ya sani. Hedimasta ya leƙo wata rana, ya dubi tarkacen gwangwani, ya dube ni, ya ce, "Malam, girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Sa'o'inka suna neman aure kai kana neman gwangwani?" Bafillatanar da ke kawo mini nono ta daɗe tana kallon wani da na gama, sannan ta tambaya ko na zuba wa kaji tsaba ne, in kuwa haka ne me ya sa na cika shi da ƙaya. Nakan yi dariya tare da su. In sun tafi sai ɗakin ya ƙara faɗi.

A hankali na tara jirage a kan wani katako da na gicciya a bango. Hotunansu daga tsofaffin mujallu nake yankowa, wasu ma mai ƙosai ce ta naɗo mini da su. Kowane hoto jirgin yana cikin ruwa ne, don haka inda ruwa ya fara a nan nake tsayawa, in yi masa shimfiɗaɗɗen gindi na katako, ya zauna daram kamar dutsen guga. Ba wai ban san akwai wani abu a ƙarƙashi ba. Na taɓa ganin kwalekwalen masunta a Tiga an jawo shi tudu, abin da ke shiga ruwa bai fi taƙi guda ba. Na ɗauka jirgin yaƙi ma haka yake, ɗan abin da ba a rasa ba, wanda bai cancanci ɓata gwangwani ba.

Da hannuna ya faɗa sai na ɗauko babban aikin, jirgin Yaya kansa, mai tsawon kamu biyu. Daga wata damina zuwa wata ina kansa. Na zuba angarsa, ƙugiyar da ke tsayar da jirgi a ruwa, da narkakkiyar dalma a ramin yumɓu, na sayi tsinkakkiyar sarƙar wuya a kasuwa na yi mata mari. Da na gama komai, na yanki tsinken ashana daidai awo, na shafa masa farin fenti, ban yi masa fuska ba, na tsayar da shi a inda alamar biro take. A raina na ce, mutum ya yi kusan shekara ashirin a wuri, a ajiye masa wurin a gabansa, ai dole bakinsa ya buɗe.

Hutun ƙarshen shekara na naɗe jirgin da tsohon zane, na sa a kwali, na shiga mota. Kwandasta ya so ya ɗaure shi a sama da buhunan masara, na ce sai dai a ɗaure mu tare. A cinya na riƙe shi muka ratsa dajin Falgore, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Muka wuce Tudun Wada, na sauka a Kwanar Dangora, wani mai babur ya ƙarasa da ni Yako ina rungume da kwali kamar mai jego.

Matar Yaya ce ta tare ni a tsakar gida. Akwai wasa tsakaninmu irin na mace da ƙanin miji.

"Oyoyo mijina! Wannan kwali fa? Lefena ne ya iso?"

"Na mai gidan ne. Ke sai baɗi in an yi albashi."

"Yana inda ka sani," ta ce, ta nuna bayan gida da haɓa. Dariyar ta bar fuskarta.

Na same shi a gindin ɗorawa, igiya a maƙale a babban yatsan ƙafarsa. Na durƙusa na gaishe shi ta kunnen hagu. Ya ce, "Ka zo lafiya?" Na warware zanen, na ajiye jirgin a kan tabarma a gabansa, na koma gefe ina jira kamar ɗalibin da aka kira gaban allo.

Ya daɗe yana kallo. Ya gane shi, wannan na gani a fuskarsa. Amma igwar da na ɓata makonni a kanta ko taɓa ta bai yi ba. Ya sa hannu biyu ya ɗaga jirgin, ya kifa shi, ya shafa shimfiɗaɗɗen katakon da tafin hannu.

"Auta," ya ce, da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "ina sauran?"

Na yi masa alama da hannu cewa shi ke nan, ya ƙare.

"Wannan ai rabi ne. Ka yi na manya, masu shan iska." Ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa. "Mu a nan muke. Nan ƙasa, inda ka yanke."

Ya mai da jirgin daidai, ya tsinci ɗan farin tsinken ashanar ya cire shi. "Rannan kaɗai na tsaya a nan. An ce kowa ya sa farare ya hau sama za a ɗauki hoto. Ana gamawa muka koma."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Shekara guda ina aiki, ashe wurin da ɗan'uwana ya ƙarar da ƙuruciyarsa shi na bari a cikin ruwa. Na miƙa hannu zan naɗe kayana. Sai ya riƙe mini hannu, ya jawo wani tsinke, ya share ƙasa da gefen tafinsa, ya fara zane.

Ya zana cikin jirgin yadda yake nutsewa ƙasa kamar tumbin sa. Ya zana farfela biyu a baya da ƙarfen da ke juya jirgi. Ya nuna mini inda injuna suke kwance, kowanne ya fi zaurenmu, da ɗan lungun da mutum ke bi tsakaninsu a karkace. Ya ce zafin wurin sai ka matse riga ruwa ya zuba, ƙara kuwa ko ka kafa baki a kunnen mutum ba ya ji, sai da hannu ake magana. Ya koya mini alamar "ƙara mai" da ta "tsaya", yana yi yana dariya, dariyar da rabona da ita tun Inna na da rai. Ya ce ba da kunne ake sanin lafiyar inji ba, da tafin hannu ne, ka ɗora a jikinsa ya gaya maka abin da ke damunsa.

"Suna ta tambayata teku, teku," ya ce. "Me zan ce musu? In jirgi ya tashi ina ƙasa, in ya tsaya ina ƙasa ina gyara. Igwa kuwa girgizarta kawai nake ji a ƙafa. Su labarin sama suke so, ni ba ni da shi."

Matarsa ta kawo fura ta tsaya daga nesa da kwanon a hannu, ba ta ƙaraso ba, don kar ta katse shi. Har aka kira La'asar yana magana.

Ranar da zan koma ya ce in bar jirgin. "Ni zan yi masa cikin. In ka dawo sai ka haɗa."

Wannan zangon karatu ya yi mini tsawo. Na koma ɗakina na dubi jiragen da ke jere a bango, duk a yanke a ƙugu, na kasa fara wani. Yinina ya koma yadda yake a da, sai dai yanzu akwai abin da nake jira. Ina kuma tsoro, kar in koma in tarar ƙofar da ta buɗe ta sake rufewa.

Da aka ba da hutu na tarar da shi a gindin ɗorawa, ba igiya a ƙafarsa. Matarsa ta ce tun tafiyata ya samo guntun icen rimi, ya ari gizago wurin masassaƙin da ke yi wa garin turmi, kullum yana kai, har ya fara zuwa wurin mai injin niƙa suna hira da hannu. Ya yaye buhun da ya rufa. Ga cikin jirgi nan, an rarake shi sumul kamar akushi, an shafe shi da jan fenti, ga farfela biyu na gwangwani a baya. Tsawonsa da faɗinsa sun yi daidai da nawa. Amma zurfinsa ya wuce hankali. Ko ni da ban taɓa ganin teku ba na san ba jirgin da cikinsa ya ninka samansa haka. In aka haɗa su, aikina na shekara guda zai zama ɗan hula a kan tulu.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ya fito da rula ba. Hali zanen dutse. Na ɗora ta a gefen icen, ina lissafin inda za a rage.

Da na ɗago sai na ga fuskar Yaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya ɗauke ido daga kaina ya mai da shi gona, hannunsa yana laluben igiyar da ba ta nan. Irin kallon da yake yi ne a zaure lokacin da ake tambayarsa kifin da ya fi raƙumi. Na mai da rular aljihu, na matsa kusa da kunnensa na hagu, na ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji.

"Yaya, ya yi daidai! Nuna mini cikin!"

Ya dube ni na ɗan lokaci, kamar mai auna ko da gaske nake. Sannan ya jawo icen gabansa. A ciki ya kwantar da gwangwanin kifi biyu a matsayin injuna, ya ja musu bututu da wayar wuta, ya yi tsani da tsinken tsintsiya, dogo, mai hawa da yawa. Ya bi tsanin da yatsa daga sama har ƙasa a hankali. "Kullum sai ka ga kamar ba za ka kai ba," ya ce. A nan na bar batun awo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya sauka tsanin nan, ba ni ba.

Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da ɗan tsinken ashanar nan. Ashe ya ajiye shi. Ya goge farin fentin, ya shafe shi da baƙin mai na injin niƙa. Ya ɗiga gam, ya tsayar da shi a lungun da ke tsakanin gwangwanayen biyu.

"To, rufe."

Na yi masa alama da yatsu biyu a idona, na nuna tsinken, na girgiza kai. In an rufe ba wanda zai gan shi.

"Ai haka yake," ya ce. "Rufe, Auta."

Na ɗora rabina a kan rabinsa, na ɗauko ƙananan ƙusoshi da 'yar gudumata. Ina bugawa ya ɗora tafin hannunsa a jikin icen ya lumshe ido. Da na buga wata a karkace, kafin in gani da idona ya ce, "Cire wannan, ba ta shiga daidai ba."

Bayan nan mun samu 'yan shekaru muna hira, ni da ihu shi da hannu, duk hutun da Allah ya kawo. Ya rasu da damina a tsakiyar shekarun 1990, ina Riruwai, saƙon bai iske ni ba sai da aka kai shi makwancinsa. Da na zo, matarsa ta miƙo mini jirgin a naɗe cikin zanen da na kawo shi, ba ta yi mini wasa ba.

Sauran jiragen na rabar wa yara tuntuni, shi kaɗai na riƙe. Ba ya iya zama da kansa, sai na tokare shi da littattafai ta gefe biyu. Baƙi sukan ce cikin ya yi yawa, in ce musu haka yake. Gam ɗin ya saki shekarun baya, in na ɗaga jirgin zan share ƙura nakan ji tsinken yana motsi a ciki, can ƙasa. Ban buɗe ba.